Wanda ya ƙera bam ɗin, shi ba a kai shi kotu ne?

Abu Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun jiya, na ce bari in kawo ta nan, tunda muna da lauyoyi da malamai, har da waɗanda suka taɓa riƙe bindiga da izinin hukuma.

Kun san sana'ata kayan gyaran mota ce a Ƙofar Ruwa. Duk ƙarfen da ya shigo shagona, in dai na kamfani ne, da lamba a jikinsa. Da ita nake gane wace mota ce, wace shekara, daga wace ƙasa. Ashe bam ma haka yake. Ranar 8 ga Oktoba 2016, cikin tsakar dare, jirgin yaƙin ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta ya jefa bam kan wani gida a ƙauyen Deir al-Hajari, lardin Hudaida a Yemen. Mutum shida 'yan gida ɗaya suka rasu: maigida, matarsa mai juna biyu, da 'ya'yansu huɗu. Da ma'aikatan Mwatana, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Yemen, suka je wurin, cikin ɓaraguzai suka tsinci wani ɗan ƙarfe, irin wanda ake rataye bam da shi a ƙarƙashin jirgi. Lambar jikinsa ta nuna kamfanin RWM Italia ne ya ƙera shi, reshen Rheinmetall na Jamus, mai masana'anta a tsibirin Sardiniya.

To ga tambayata. Ni yau in na sayar wa direba birkin jabu, ya je ya afka wa mutane a bakin titi, har shago za a zo a ɗauke ni. Shi wanda ya ƙera wannan ƙarfen, sunansa da lambarsa na kwance kusa da gawar yara, me doka ta ce a kansa?

Saje Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Abu Hanif, misalinka bai hau ba. Birkin jabu kaya ne da ya ƙi yin aikinsa. Bam ɗin nan kuwa aikinsa ya yi. An ƙera shi don ya fashe, ya fashe. Wanda ya nuna gidan, wanda ya ba da umarni, wanda ya saki, su za a nema. Kada a bar jaki a koma dukan taiki.

Kwamared Ɗan Fagge:
To Oga Saje, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Barista Ummi:
Saje, Allah ya ƙara girma, a kan birki ka yi gaskiya, shari'ar kayan da ya lalace daban take. Kuma abin da ka faɗa shi lauyoyin kamfanonin ke faɗa a kotu, kusan kalma da kalma. Sai dai ƙorafin da aka kai birnin Rum bai ce kayan ya lalace ba.

A Afrilun 2018 ƙungiyoyi uku, Mwatana ta Yemen, ECCHR mai kare haƙƙin ɗan'adam ta Berlin, da wata ƙungiyar Italiya mai fafutukar rage makamai, suka nemi mai gabatar da ƙara ya binciki manajojin kamfanin da jami'an UAMA, ofishin da ke ba da lasisin fitar da makamai daga Italiya. Hujjarsu ita ce tun Maris 2015 ake ruwan bama-bamai a Yemen, rahoto na bin rahoto, yau kasuwa, gobe asibiti, jibi gidan biki. Duk da haka a 2016 aka ba kamfanin lasisin bama-bamai kusan 20,000, na Yuro miliyan 411. Wato ba maganar ingancin kaya ake ba, maganar sani ake. Ka san abin da ake yi da kayanka, ka ci gaba da lodi?

Yadda ta kaya: mai gabatar da ƙara ya nemi a rufe maganar a 2019, alƙali ya ce a'a a ci gaba da bincike a 2021, ya sake dawowa da buƙatarsa, a Maris 2023 aka rufe. Abin da ya fi ci min rai, kotun da kanta ta yarda cewa an saɓa wa Yarjejeniyar Cinikin Makamai wajen ba da lasisin, amma ta ce ba a tabbatar jami'an sun yi da nufin azurta kamfanin ba. Shi kuwa kamfani takardarsa na hannunsa.

Haka abin yake zagayawa. Kamfani ya ce gwamnatina ta ba ni izini. Gwamnati ta ce mai saye ya sa hannu cewa zai kiyaye dokar yaƙi. Mai saye ya ce kuskure aka samu, mun kafa kwamiti. Kowa ya miƙa wa na kusa da shi, har kayan ya faɗi ƙasa ba mai shi.

Abu Hanif:
Ikon Allah. An yarda an karya doka, amma ba wanda ya karya ta.

Maman Ilham:
Lallai shari'a saɓanin hankali. Kuma ku duba ranar fa. Ranar 8 ga Oktoban nan ta 2016 ce aka kai hari zauren zaman makoki a Sana'a, mutum kusan 140 suka mutu suna ta'aziyya. Can ma ɓaraguzan bam ƙirar Amurka aka tsinta.

Malam Na Tudun Wada:
Bismillah. Bari in ɗan sa baki ta fuskar fiƙihu, don malamanmu sun daɗe da tattauna irin wannan, tun kafin a san jirgin sama.

Maganar Saje tana da asali. Akwai ƙa'ida cewa idan wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi suka haɗu, ana jingina hukunci ga wanda ya aikata. Maƙerin da ya sayar da wuƙa a kasuwa ba a tambayarsa jinin wanda aka soka da ita. Amma ƙa'idar ba ta tsaya nan ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya riƙe mutum don wani ya kashe shi, alhali ya san kashe shi za a yi, shi ma ana yi masa ƙisasi, ko da bai ɗaga makami ba. Haka nan an hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa, duk da cewa inabi halal ne, ciniki halal ne. Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan sayar da makami a lokacin fitina, ya kawo cewa Sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙi hakan. Ga kuma ayar Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka.

Saboda haka ni a wurina takardar izinin sarki ba ta wanke wanda ya sani. Izini yana halatta maka shiga kasuwa, ba ya halatta maka rufe ido. Wallahu a'alam.

Saje Mai Ritaya:
Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma ba ni da ja da nassi. Amma bari in faɗa muku abin da ku da kuke zaune a gida ba ku gani ba. A 2014 muna Arewa maso Gabas, garuruwa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, Gwoza, Bama, Mubi. Najeriya ta nemi jiragen yaƙi masu saukar ungulu ƙirar Cobra daga Isra'ila, Amurka ta hana, wai saboda haƙƙin ɗan'adam. Waɗanda aka yanka a garuruwan nan ba 'yan'adam ba ne? Na binne yaran da na horar da hannuna. Akwai wanda saura wata biyu aurensa, kayan lefensa na ɗakin mahaifiyarsa.

In kuka ce duk kamfanin da makaminsa ya taɓa farar hula a ɗaure shugabansa, kun san wa za a daina sayar wa? Ba Saudiyya ba, ba Isra'ila ba, su masu kuɗi da uwa a gindin murhu. Mu za a daina sayar wa. Su kuwa 'yan ta'adda ba lasisi suke nema ba dama.

Kwamared Ɗan Fagge:
Allah ya jiƙansu, Oga. Wannan kam ba abin wasa ba ne, na janye zolayata.

Barista Ummi:
Amin. Saje, tsoronka gaskiya ne, kuma haka siyasar take tafiya, kan mai ƙaramin ƙarfi doka ke sauka. Amma ba wanda ke cewa duk harsashin da ya kuskure a ɗaure mai kamfani. Ko yarjejeniyar da na ambata ba haka ta ce ba. Ta fara aiki ranar 24 ga Disamba 2014, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta amince da ita, tun 2013. Sashe na 6 ya hana fitar da makami idan an san za a yi laifin yaƙi da shi ko a kai wa farar hula hari. Sashe na 7 ya ce ko ba a sani ba, a auna haɗarin kafin a ba da izini. Matsalar ita ce gwamnatoci ta ɗaure, ba kamfanoni ba. Amurka ma ba ta taɓa amincewa da ita a majalisa ba, Saudiyya ba ta ciki.

Shi ya sa 'yan nasarorin da aka samu, gwamnati aka kayar, ba kamfani ba. A Yunin 2019 kotun ɗaukaka ƙara a Birtaniya ta ce yadda ake ba da lasisin sayar wa Saudiyya makamai ya saɓa doka, domin ministoci ba su ma tsaya sun duba hare-haren baya ba. Shekara guda suka yi, a Yulin 2020 suka ce sun duba, abubuwan da suka faru tsilli-tsilli ne, aka ci gaba da ciniki. A Fabrairun 2024 wata kotu a Holan ta umarci gwamnati ta daina tura wa Isra'ila kayan gyaran jirgin F-35 saboda Gaza. Duk a ciki ba manajan kamfani ko ɗaya da ya tsaya a akwatin tuhuma.

Ɗan Maƙera:
Ni fa tun ɗazu ina karantawa, wani abu na ta zuwa min. Kun san gidanmu maƙera ne tun kaka da kakanni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bayan fartanya da lauje da gatari, yana gyara wa mafarauta bindigar toka. Ni ke masa zuga ina yaro. Duk maharbin da ke zuwa ya san shi, ya san ubansa, ya san dajin da yake shiga.

Wata rana bayan la'asar wasu mutum biyu suka zo a kan babur, ba 'yan yankinmu ba. Suka ce bindiga suke so guda takwas, kuma kada a yi mata doguwar ƙota, gajera suke so wadda za ta shiga cikin riga. Suka zaro kuɗi a leda, ban taɓa ganin kuɗi mai yawan haka ba a maƙerarmu. Baba bai ko ɗago kai daga kan uwar maƙera ba. Ya ce musu gawayinsa ya ƙare. Ga buhun gawayi nan a jingine suna kallo. Da suka tafi na ce Baba ga gawayi, sai ya ce min wace dabba ce ake farauta da bindigar da ke ɓuya a riga?

Bai yi boko ba, bai san wata yarjejeniya ba. Amma da ya ƙera musu aka kama su, wallahi har da shi za a jera gaban 'yan jarida, a zube bindigogin a ƙasa, a rubuta masa allo a wuya. Ba mu sha ganin haka a labarai ba? Maƙerin ƙauye in ya ce ban san abin da za su yi da ita ba, ba mai saurarensa. Shi mai masana'anta da ke da ofishin lauyoyi da masu karanta masa rahoto kullum safe, shi ne zai ce bai sani ba a yarda?

Maman Ilham:
Allahu Akbar. Allah ya kai haske kabarinsa.

Malam Na Tudun Wada:
Amin. Abin da mahaifinka ya yi shi malamai ke kira toshe kafar ɓarna, ya aikata shi ba tare da ya karanta babin ba.

Kwamared Ɗan Fagge:
Amma Barista, ai a Amurka an taɓa cin kamfanin bindiga. Harbin da aka yi a makarantar Sandy Hook, 2012, aka kashe yara 20 da manya 6. Remington, kamfanin da ya ƙera bindigar, ya biya Dala miliyan 73. To ga bas ɗin Dahyan a Yemen, 9 ga Agusta 2018, yara 40 a tafi ɗaya, suna dawowa daga yawon makaranta, da jakunkunansu shuɗɗa na UNICEF. Bam ɗin ƙirar Lockheed Martin ne. Nawa kamfanin ya biya? Jinin Bature ne mai tsada kawai.

Barista Ummi:
Kwamared, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, amma bari in gyara wani wuri don kada a ɗauka abin ya zo wa iyayen nan da sauƙi. Ba hukunci aka yanke ba, sulhu aka yi a Fabrairun 2022, da iyalai tara, kuma kamfanonin inshora ne suka biya domin Remington ya riga ya karye. Shekara bakwai suna fama. Kuma ba don ya ƙera bindigar aka kama shi ba. Tun 2005 majalisar Amurka ta yi dokar da ta kare masu ƙera bindiga da masu sayarwa daga ƙara idan wani ya yi ta'asa da kayansu. Lauyoyin iyayen sai suka bi ta wata 'yar kafa: talla. Suka nuna yadda ake tallata bindigar ga samari da sunan ita ce shaidar mazantaka, suka ce hakan ya saɓa dokar kasuwanci ta jihar Connecticut.

Ka ga ƙasa guda ma ta gwada ta sha ƙasa. Meziko ta kai Smith & Wesson da wasu kamfanoni ƙara a 2021 tana neman Dala biliyan 10, ta ce bindigoginsu ne ke kwarara hannun 'yan ƙwaya ta kan iyaka, kuma sun sani. A Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da ƙarar, alƙalai tara baki ɗaya. Suka ce sanin cewa wasu dillalai na sayar wa miyagu bai kai a ce ka taimaka musu ba.

Abu Hanif:
To kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. In sani bai isa ba, me zai isa?

Ɗan Hamburg:
Salam, yanzu na taso daga aiki na tarar da zaure ya cika. Abu Hanif, an taɓa yin lokacin da sani ya isa, kuma a garin da nake zaune aka yi.

A Maris 1946 kotun sojan Birtaniya ta zauna a nan Hamburg kan wani ɗan kasuwa, Bruno Tesch. Kamfaninsa na dillancin maganin ƙwari ne, Zyklon B, wanda ake feshin kwarkwata da shi a barikoki da jiragen ruwa. Shi 'yan Nazi suka yi amfani da shi wajen hallaka mutane a Auschwitz. Tesch ya ce shi maganin ƙwari ya sayar, ciniki ne na halal, gwamnati ce ta saya. Wani ma'aikacin ofishinsa ya ba da shaida cewa ya ga rahoton tafiyar maigidan, inda aka yi maganar amfani da gubar a kan mutane. Aka rataye Tesch da mataimakinsa Karl Weinbacher a watan Mayu na shekarar. Na ukunsu, ma'aikacin fasaha, aka sake shi domin ba shi da iko a kan inda kaya ke zuwa. Ku lura, ba wanda ya ce Tesch ya zuba guba da hannunsa.

Barista Ummi:
Na gode Yaya, ka riga ni. A ƙara da Frans van Anraat, ɗan Holan da ya sayar wa gwamnatin Saddam sinadarin haɗa iskar guba a shekarun 1980. Kun tuna Halabja, Maris 1988, Kurdawa kusan 5,000. Kotun Holan ta ɗaure shi shekara 15 a 2005, da ya ɗaukaka ƙara aka mai da ita 17. Sai Guus Kouwenhoven, mai kamfanin katako da ya shigar wa Charles Taylor makamai a Laberiya, aka yanke masa shekara 19 a 2017.

Amma ku duba su waye. Tesch ya sayar wa wanda aka ci da yaƙi. Van Anraat ba a gurfanar da shi a kotun Holan ba sai bayan Saddam ya faɗi. Taylor ma ya riga ya faɗi. Ko Alfried Krupp, mai masana'antar ƙarfe da makamai a zamanin Nazi, da aka yanke wa shekara 12 a 1948, a 1951 aka sake shi aka mayar masa da dukiyarsa, da aka ga ana buƙatar ƙarfen Jamus. Ni ban ga dokar ta rasa haƙora ba. Tana cizo, amma sai abokin cinikinka ya zama marar gata.

Ɗan Hamburg:
Haka ne. Ko shari'ar kamfanin bindigogin Jamus Heckler & Koch a Stuttgart, 2019, kan dubban bindigogin G36 da aka kai jihohin Meziko da aka hana kaiwa, har da Guerrero inda ɗalibai 43 suka ɓace a 2014. Aka ƙwace wa kamfanin Yuro miliyan 3.7, ƙananan ma'aikata biyu suka samu ɗaurin je-ka-gyara-halinka, manyan aka sallame su. Kuma laifin na takardun lasisi ne, ba na jini ba.

Kwamared Ɗan Fagge:
To ita kotun duniya ta Hague me take jira?

Barista Ummi:
An kai mata. A Disambar 2019 ƙungiyoyi suka miƙa wa ofishin mai gabatar da ƙara takarda kan Yemen, da sunayen kamfanonin makamai irin su BAE Systems, Airbus, Leonardo, Dassault, Rheinmetall da sauransu. Amma kotun ba ta tuhumar kamfani, mutum take tuhuma. Faransa ta so a sa kamfanoni lokacin da ake rubuta dokar a Rum a 1998, ba a yarda ba. Sannan sashen da ya yi maganar mai taimakawa ya ce sai ya taimaka da nufin sauƙaƙa laifin. Manaja zai ce ni nufina riba, ba kisa ba. A kan wannan kalma guda lauyoyi ke ta kai ruwa rana.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga wannan ɓangaren. Ni abin da ban ji an taɓo ba, makami ya fi gwamnatin da ta saye shi tsawon rai. Da Turai ta ɗage wa Libiya takunkumin makamai a 2004, layi aka yi ana sayar wa Gaddafi, kowa da takardarsa mai hatimi. A 2011 rumbunan suka buɗe. Mu muka ga abin da ya biyo ta Sahara, Mali ta fara ɗanɗanawa a 2012. Wa za ka kai ƙara a nan? Wanda ya sa hannu ya mutu, wanda ya sayar ya ci ribarsa ya manta.

Maman Ilham:
Ni dai ku yi haƙuri, muna ta Yemen da Meziko. Tudun Biri fa? 3 ga Disamba 2023, mutane na Mauludi, jirgi marar matuƙi na sojanmu, aƙalla mutum 85 a ƙidayar hukuma. Rann fa, Janairun 2017, sansanin 'yan gudun hijira? Na ji ana maganar diyya da kotun soja, amma ban ji ko mutum ɗaya ya tambayi wa ya sayar mana da kayan, da wane sharaɗi, da wane horo ba.

Saje Mai Ritaya:
Hajiya, Tudun Biri ciwo ne a zuciyar duk wani soja mai imani. Amma kuskuren leƙen asiri ne, ba na maƙeri ba. Kada mu cakuɗa.

Kwamared Ɗan Fagge:
Kullum kuskure, kullum kuskure! Sau nawa ake kuskure kafin ya zama hali?

Mai Zaure:
Jama'a a sassauta. Kwamared, Saje babba ne a nan, kuma ba shi ya tuƙa jirgin ba. A ci gaba da hujja.

Barista Ummi:
Tambayar Kwamared, in aka cire zafin, ita ce ainihin tambayar shari'a. Hari ɗaya ba ya tabbatar da sani. Amma in ya maimaitu, aka rubuta, aka aiko maka, ciniki na gaba ba irin na farko ba ne. Su kansu masu sayarwa sun san haka. Bayan Rann gwamnatin Obama ta dakatar da cinikin jiragen Super Tucano, Trump ya zo ya sake buɗewa, guda 12, suka fara isowa a 2021.

Kuma kada mu ce kamfanin waje ya fi ƙarfin talaka har abada. Mu a Kano mun ga Pfizer. Gwajin maganin Trovan a 1996 lokacin sanƙarau, yara 200, 11 suka rasu. Shekara 13 aka yi ana jan magana kafin sulhun Dala miliyan 75 da gwamnatin jiha a 2009. Ba makami ba ne, na sani, kuma rabon kuɗin ma ya zo da nasa surutun. Amma da farko ai cewa aka yi ba za a iya ba.

Saje Mai Ritaya:
Barista, bari in ba ki wani abu da zai taimaki ɓangarenku, don gaskiya ɗaya ce. Tun ɗazu ana kwatanta abin da wuƙa, ni ma da haka na fara. Bindiga ƙirar AK, eh, wuƙa ce. Ka saya ka tafi, shekara talatin tana aiki, ka binne ta a rami ka tono ta harba. Amma jirgin yaƙi ba haka yake ba. Duk tashi ɗaya sai injiniyoyi sun kwana a kansa. Taya, birki, na'urar hangen nesa, manhajar kwamfutarsa, duk daga kamfani suke zuwa, kuma ba sa yankewa. Na ga jirgi lafiyayye ya yi wata da watanni a ajiye saboda ƙarfe ɗaya da bai iso ba. BAE na da dubban ma'aikata a cikin Saudiyya suna kula da jiragen Typhoon da Tornado. Wanda ya gyara maka jirgi da safe, ya ga ya dawo da yamma ba bam a ƙarƙashinsa, ya ji labarai da dare, gobe ya sake gyarawa, wannan ba zan ce masa maƙerin kasuwa ba. Ya fi kusa da mai riƙe mutum ɗin nan da Malam ya faɗa.

Amma ina nan kan bakata a kan ɗaya: in za a yi dokar, a yi ta kan kowa. In kan mu kaɗai za ta hau, ba na so.

Abu Hanif:
Oga Saje, yau ka shigo layinmu na 'yan kayan gyara. Mu ma mun san motar da ba ta zuwa shago ba ta daɗewa a titi.

Malam Na Tudun Wada:
Saje, gyara kaɗan don kada a ɗauke ta a matsayin fatawa: na kawo mas'alar mai riƙewa ne don nuna cewa sanadi na iya ɗaukar hukunci, ban ce hukuncinsu ɗaya da injiniya ba. Wannan sai alƙali ya duba gwargwadon saninsa da ikonsa, kamar yadda aka saki na ukun nan a Hamburg.

Abu Hanif:
Barista, tambaya ta ƙarshe daga ni. A ce Allah ya kiyaye abu ya faɗa ƙauyen su wani a cikinmu. Ta ina ake farawa?

Barista Ummi:
Ta inda mutanen Deir al-Hajari suka fara. Da ba a ɗauki hoton ƙarfen nan da lambarsa ba, da ba a kai ko ƙofar kotu ba. Hoto mai nuna rubutun jiki sosai, a ajiye wani abu kusa da shi don a gane girmansa, rana da lokaci, sunayen waɗanda suka rasu da shekarunsu, waɗanda suka gani da ido, takardar asibiti. A tura wa mutum fiye da ɗaya, kada ya zauna a waya guda. Sauran bayanin sai gobe in Allah ya kai mu, ina da zama ƙarfe tara kuma ban gama shiri ba.

Saje Mai Ritaya:
A ƙara da wannan, kuma a gaya wa yara musamman masu jari-bola: abin da ya faɗo bai fashe ba, ko ya fashe rabi, kada wanda ya taɓa shi, kada a jefe shi da dutse, kada a ɗauka a kai gidan mai gari. A ɗauki hoton daga nesa, a zagaye wurin da ƙaya, a kira masu kwance bam.